INA SAKKWATO A CIKIN TARIHIN GININ HAUSA?

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan ɗan tsokaci shi ne wani aiki da malaminmu na darasin al'adu ya ba mu a zangon karatun da ya wuce, cewa kowa ya rubuto bayanin sana'a ɗaya ta gargajiya daga garinsu. Ni sai na ɗauki gini, ina ganin abu ne mai sauƙi, tun da a cikin soron ƙasa aka yanke mini cibiya a tsohon garin Sakkwato. Na nemo littattafan da suka yi magana a kan ginin Hausa da adon gida, na yi mako biyu ina juya su. Ba shakka na ƙaru. Amma da na rufe na ƙarshe sai na tarar na fi sanin masallacin Zariya, wanda ban taɓa taka ƙafata a cikinsa ba, a kan zauren da nake bi kullum in shiga gidanmu.

Wannan ya dame ni. Yaya za a yi birnin da ya zama cibiyar daula mafi girma a wannan yanki a ƙarni na 19, wanda sarakunan Kano da Katsina da Zazzau da Bauchi ke aiko wa da gaisuwa, ya zama ɗan rakiya a tarihin gini? Maƙasudin wannan maƙala shi ne in duba littattafan nan, in yaba musu inda suka yi daidai, in nuna inda nake ganin ma'auninsu ya tauye Sakkwato, sa'an nan in juyo kanmu, mu ɗaliban Hausa, domin laifi tudu ne.

Littattafan da ake da su

Wanda duk zai yi nazarin ginin Hausa ba makawa ya bi ta hannun mutum huɗu ko biyar. Akwai J. C. Moughtin, mai littafin Hausa Architecture wanda aka buga a Landan a 1985. Akwai Z. R. Dmochowski, mutumin ƙasar Folan, wanda ya yi shekaru yana yawo da ɗalibansa suna auna gidaje da fadoji da masallatai, ya kuma kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Ya rasu a 1982, aka buga aikinsa a 1990 cikin juzu'i uku, na farkon a kan Arewa. Akwai Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya kwatanta gidajen Zariya da na Ibadan da na Marrakesh a 1982, ya sake fitar da wani littafi a 2007 a kan zanen bangon gidajen Zariya. Ta fannin kayan ado kuma akwai David Heathcote, wanda ya shirya nunin kayan fasahar Hausa a Landan a 1976, da littafinsa The Arts of the Hausa. Cikin 'yan ƙasa, Hamman Tukur Sa'ad ya yi digirinsa na uku a Amurka a 1981, ya zauna da magina ya ji yadda su da kansu ke rarrabe kyakkyawan gini da mummuna.

Dole a yi wa mutanen nan adalci. Ba don awon da Dmochowski ya yi ba, da gine-gine da yawa sun rushe ba su bar ko zane ba. Moughtin kuma ya bayyana dabarar rufin soro ta yadda ko wanda bai taɓa riƙe tubali ba zai fahimta, watau cewa azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida, don haka duk hikimar magini ta tattaru a kan yadda zai raba babban ɗaki zuwa ƙananan tazara, ta hanyar tauyi da ginshiƙi da baka. Sun kuma fid da mu daga raini irin na ma'aikatar ayyuka ta zamanin mulkin mallaka, wadda ta buga wata ƙasida a 1945 a kan ginin ƙasa na Arewa ta sa mata suna da ke nufin gine-ginen wucin gadi, alhali hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina tun ɗaruruwan shekaru kafin a haifi marubucin.

Amma fa mai karatu zai lura da abu ɗaya. Nauyin waɗannan littattafai ya karkata ne zuwa Zariya, sa'an nan Kano. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a Zariya sashen koyar da zanen gine-gine yake, a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma mai bincike yakan fara da abin da ke bakin ƙofarsa. Wannan ba laifi ba ne. Inda matsala take shi ne idan aka ɗauki abin da aka gani a gari ɗaya aka mai da shi mudun auna ƙasar Hausa baki ɗaya.

Mudu biyu da aka auna mu da su

A fahimtata, mudu biyu ne suka tauye Sakkwato. Na farko shi ne na abin da ya saura a tsaye. Mai awo da igiya da kyamara ba ya iya auna ginin da babu shi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ya kai har lokacin masu binciken nan da bakunansa da ginshiƙansa, don haka ya zama zakaran gwajin dafi. A Sakkwato kuwa, masallacin Shehu da na Bello an sake su da siminti tun farkon shekarun 1960. Ganuwa ta narke, sai sunayen ƙofofi suka rage a bakin masu kabu-kabu: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya.

Mudu na biyu shi ne na abin da ke waje. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Abin da idonsa ke kamawa shi ne fuskar gida: zankwaye, rawani, da zanen dagi da ake yi a kewayen ƙofa. Da yake gidajen attajiran Zariya da Kano da Damagaram sun yi fice wajen wannan ado, sai hotunansu suka cika littattafai, har ya zamana in an ce ginin Hausa abin da ke zuwa zuciyar mutum shi ne bango mai zane. To amma ai zanen kansa yana ba da shaidar shekarunsa. Bangon da aka zana wa keke da agogo da jirgin sama ba ya iya girmar keke da agogo da jirgin sama. Yawancin wannan ado na waje yayin ƙarni na 20 ne, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka shigo hannun 'yan kasuwa. Idan aka auna tsohon gidan Basakkwace da wannan mudu, mai bangon da ba shi da komai sai yaɓe da makuba, sai a ce ba shi da fasaha. Nan ne nake ganin aka yi kuskure.

Abin da Clapperton ya gani a 1824

Tun da gine-ginen sun tafi, sai mu nemi shaidar wanda ya gan su. Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya taso daga Sifawa ya dawo nan a 1815, ya rasu a 1817. Bayan shekara bakwai, a watan Maris na 1824, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo, ya rubuta abin da ya gani, aka buga a Landan a 1826. Abubuwa uku daga cikin labarinsa sun shafi maganarmu.

Na farko, ɗakin da Sarkin Musulmi Bello ya fara karɓarsa. Ya ce ya same shi zaune bisa 'yar shimfiɗa tsakanin ginshiƙai biyu, cikin ɗaki mai rufin ciyawa. An shafe bango da ginshiƙan da shuɗi da fari, an yi zanen tukunyar fure a bangon baya, ga kuma kujera mai hannu a kowane gefe da fitilar ƙarfe a kanta. A lura, kujerun fitila aka ɗora musu, sarki kuwa yana ƙasa.

Na biyu, wani ɗaki na can cikin gidan wanda aka shigar da shi daga baya. Ya ce soro ne mai kusurwa huɗu, rufinsa tulluwa ce da ke zaune bisa bakuna takwas masu ado, an kafa wata tasa ta tagulla mai ƙyalli a tsakiya, sa'an nan akwai baranda da ta zagaye ta sama tana kaiwa ga ɗakunan bene. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon zauren sarauta ya ga kwano ko tasa a inda bakuna suka haɗu ya san abin da Baturen nan ke kwatantawa.

Na uku, masallacin da Waziri Giɗaɗo ke ginawa da dukiyarsa. Clapperton ya tarar ana cikin aiki. Ya ƙidaya layi bakwai na ginshiƙai, bakwai a kowane layi, na itace da aka lulluɓe da ƙasa aka yi musu ado, bakuna suna bisa kansu. Ya yi hira da shugaban maginan, wanda ya gaya masa shi mutumin Zazzau ne, ubansa ya je Masar ya koyo wani abu na gini, ya bar masa takardunsa. Har ma ya roƙi Baturen wani ma'aunin lissafi irin nasu. Akwai masu ganin wannan magini shi ne Babban Gwani kansa, ko wani na gidansu.

To, mai karatu, a haɗa lissafin. Tulluwa mai bakuna takwas tana tsaye a gidan Bello a 1824, watau aƙalla shekara goma kafin Abdulkarimu ya hau gadon Zazzau. Ke nan dabarar da ta kai ƙololuwa a masallacin Zariya an riga an san ta, ana kuma aiki da ita a Sakkwato, kuma gwanayen wasu garuruwa nan suke zuwa aiki. Littattafanmu sun san da wannan shaida, sukan kawo ta. Amma sukan kawo ta ne a matsayin share fage ga labarin Zariya, maimakon su tsaya su tambaya wane irin gari ne wannan da ya tara magina haka yana ɗan shekara goma sha biyar.

Wani abin da na lura kuma shi ne saurin da ake yi wajen nemo wa baka asali daga waje. Wasu sun riƙe maganar Masar ɗin nan. Labelle Prussin, wata Ba'amurkiya, ta kawo ra'ayin cewa bakan soro ya samo asali ne daga tanƙwararrun sandunan bukkar Fulani makiyaya. Kowanne na iya samun ƙamshin gaskiya, domin Sakkwato mahaɗa ce. Amma bakan Hausa ba irin bakan dutse na Masar ba ne, wanda duwatsu ke danne juna su tsaya. Namu azara ce ake jerawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Sunayen kuma na gida ne. Bakan gizo daga sararin sama na damina aka ɗauko shi. Ɗaurin guga daga bakin rijiya, yadda ake gicciya itace a bakin guga. Wanda ya raɗa wa abu suna daga tsakar gidansa, ya daɗe da mai da shi nasa.

Zuhudu da sana'a

Me ya sa adon Sakkwato ya koma ciki? A ganina amsar tana cikin abin da ya kafa garin. A cikin Kitabul Farƙ, inda aka jera halayen sarakunan da jihadi ya tuɓe, an ambaci zama cikin fadoji masu ado da shimfiɗa lallausan darduma ba tare da kula da halal ko haram ba. Mutanen da suka yi wannan suka ba za su juyo su ƙawata fuskar gidajensu don masu wucewa su gani ba. Har yau wanda ya ziyarci Hubbare, ya ga ƙanƙantar wurin da Shehu ya zauna, zai gane haka.

Amma kada a ɗauka ƙin alfahari ƙin sana'a ne. Bello, a cikin Usulus Siyasa, littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa cikin wajiban shugaba ya kula da masu sana'a, irin su maƙera da masassaƙa da marina da maɗinka, ya rarraba su cikin garuruwa, ya gina ganuwa da kasuwanni da hanyoyi. Shi ya sa har yanzu shiyoyin tsohon gari ke amsa sunan sana'a, kamar Maƙera Assada. Abin da ya fito daga haɗuwar waɗannan abubuwa biyu shi ne gida mai kunya: daga waje bango ne kawai, sai ka shiga ka ɗaga kai. Wannan ma salo ne, yana da dalilinsa da ƙa'idarsa, ya kamata a yi nazarinsa a matsayin salo.

Kuma tarihin gini a wannan yanki bai fara daga 1809 ba. Kufan Surame, birnin Kanta na Kabi na ƙarni na 16, yana nan yamma da mu da ganuwarsa ta duwatsu. An sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, an kuma shigar da shi jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO a 2007. Wanda ya ce ginin Hausa na tubali ne kurum bai je Surame ba.

Ɗakin mace

Inda littattafan suka fi rauni, a nawa ganin, shi ne bayan shigifa. Sun zana taswirar gida daidai: ga zaure, ga ƙofar gida, ga shigifa, ga turaka, ga ɗakunan mata. Amma ɗakunan matan a taswira fanko ne, murabba'i ko da'ira ba komai ciki. Alhali a nan rabin fasahar gidan take.

Ina iya tuna ɗakin kakata. Daɓen ƙasa ne, ja wur, mai santsi kamar an shafa mai. Daga dama gadon ƙasa, mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi da sanyi ko lokacin jego. A bangon da ke fuskantar ƙofa ga jere: ƙorai masu zane an kife su bisa juna daga babba zuwa ƙarama, faifai masu launi an rufe bakin kowace, akusa baƙaƙe na itace, da tasoshi da kwanoni da suka shigo daga baya. Ga adudu na tufafi, ga tandu na man shanu, ga 'yar kujerar tsugunno wadda masassaƙi ya fafe daga gungume ɗaya ba ƙusa ba haɗi. Ba wanda ya jera kayan nan da ka. Akwai abin da ke hawa sama, akwai na ƙasa, kuma mace na shigowa ta san ko mai ɗakin gwana ce. Jere tarihi ne: ƙorai na zamanin kakanni, kwanon sha da langa na zamanin kantunan Turawa, gadon ƙarfe mai rumfa na zamanin iyayenmu, har zuwa kabad mai madubi na yau. Wanda ya iya karanta jere zai iya ba da tarihin kasuwar Sakkwato na shekara ɗari.

Heathcote ya yi ƙoƙari wajen tara irin waɗannan kaya, amma nuni a Landan dole ya raba ƙwarya da jerenta, ya sa ta cikin gilashi ita kaɗai. Haka kuma rabon da aka yi, masu nazarin gini daban, masu nazarin fata da ƙwarya daban, ya ɓoye wani abu da kowane magini ya sani, watau sana'o'in nan cuɗe suke da juna. Dubi laso, wanda ake shafe rufin soro da shi don kada ruwa ya shiga. Katsi ne daga karofin marina, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara. Makuba kuma, ta bango da daɓe, daga ɓawon ɗorawa. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ratsa hamada ta isa Turai har aka riƙa kiranta fatar Maroko, ita ce ta ba baduku abin ɗinka tim-tim da gafaka, ta kuma ba magini gashin laso. Idan karofi ya mutu, katsi ya yanke, rufin soro ya fara yoyo. Ba na jin akwai littafin da ya bi wannan zare daga farko har ƙarshe a gari ɗaya, kuma Sakkwato ce ta fi dacewa da a bi shi.

Rabonmu mu ɗaliban Hausa

Duk littattafan da na ambata da Turanci aka rubuta su. Kalmomin Hausa suna ciki, amma a matsayin baƙi, an karkata rubutunsu an bi su da fassara. Kuma galibi kalmomin gabas ne. Mu nan muna cewa gambu inda Bakano zai ce ƙyaure, muna da kudandan, muna da rufewa ta ajiyar hatsi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana wasu da alamar Sakkwatanci a gabansu, amma ƙamus ba ya nuna maka yadda hannu ke yi.

Ga kuma adabi kwance a cikin sana'ar. Daɓe aikin gayya ne na mata, da maɗaɓai a hannu, ana bugu ana waƙa, amon bugun shi ne kiɗan. A cikin waƙoƙin daɓe ake habaici ga kishiya, a yi wa amarya gargaɗi, a yi wa miji zambo. Ranar da siminti ya shiga ɗaki, ranar waƙar ta rasa wurin zama. Mukan rubuta kundin digiri a kan waƙoƙin daɓe mu ware salo da jigo, ba mu tambayi yadda ake haɗa tsakuwa da makuba ba. Masu nazarin gini kuma su auna daɓen ba su ji waƙar ba. Kowa ya kama ƙafa ɗaya ya ce ya kama saniya.

Da aikin da aka ba mu ya matsa mini, na je wurin wani tsohon magini a shiyarmu, wanda shi ya yi wa kakana zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake ka gaya mini sunayen bakunan da ke cikin zaurenmu." Ya yi dariya ya ce, "Ɗiyana, wane zaure? Wanda kunka tuɓe kunka aza kwano?" Na rasa abin cewa, domin gaskiya ya faɗa. Shekara uku da suka wuce damina ta tsaga kusurwa ɗaya, aka yi shawara a gida, aka ga neman azara da mai ɗaurin baka ya fi sayen bulo wuya, aka rushe. Ina cikin waɗanda suka yi murna. Ban ɗauki ko hoto ɗaya ba, ga waya a aljihuna. Tsohon ya jawo sanda ya zana mini rufin a ƙasa, yana faɗin sunan kowane sashe, ina rubutawa. Na cika shafi huɗu. Da na tambaye shi wa ya koya wa cikin 'ya'yansa, sai ya ce duk birkiloli ne.

Ba na zargin mutanen gidanmu, ba na kuma zargin 'ya'yansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, giginya ta yi ƙaranci, gayya ta mutu, kuma wanda soro ya taɓa faɗo wa cikin dare ba a yi masa wa'azin al'ada. Amma duk wanda ya kwana ƙarƙashin kwano a Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ya san abin da aka yi hasara. Sabon zaurenmu ba mai iya zama cikinsa da azahar. Tsofaffin da ke hira a tsohon sun koma gindin darbejiya.

Kada kuma a ce sana'ar ta riga ta zama tarihi. Tsallaken iyaka kaɗan, a garin Yama cikin jihar Tawa a Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara ginin masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, daidai lokacin da mu muke sake namu da siminti. Ya yi ta ƙara masa baka da tulluwa da hasumiyoyi, har ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, cikin jihar guda, masu zanen gini biyu mata, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Mutanen nan harshenmu ɗaya, ƙasarmu ɗaya, zafinmu ɗaya.

Kammalawa

A taƙaice, ƙorafina a kan littattafan ginin Hausa shi ne sun auna Sakkwato da abin da ya saura a tsaye da abin da ke fuskar bango, alhali nata abin ya fi yawa a cikin ɗaki, da cikin tsofaffin takardu, da bakin mutane. Marubutan sun yi abin da idonsu da ƙafarsu suka kai. Sauran kuwa ba mai iya yinsa sai ɗan gari mai jin Sakkwatanci, da 'yar gari wadda ba a tsai da ita a zaure.

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Ɗaya, kowane ɗan ƙungiya ya nemi magini ko masassaƙi ko baduku guda a garinsu lokacin hutu, ya ɗauki muryarsa, ya rubuto kalmomin sana'ar yadda ya faɗe su, kada ya gyara su zuwa daidaitacciyar Hausa. Biyu, 'yan'uwanmu mata su shiga ɗakunan kakanni su ɗauko hoton jere da sunan kowane abu da labarin yadda ya shigo gidan, da izinin masu shi. Uku, abin da aka tara a buga shi a wannan mujalla kashi-kashi, a kuma kai kwafi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu domin ajiya.

Shafuna huɗu da na samo wurin tsohon nan suna hannun editan mujalla, ga duk mai son ya gani ko ya gyara mini. Tsohon ya ce in komo bayan salla ya nuna mini wani soro na aikin ubansa da ya rage a bayan kasuwa, in damina ta bar shi. Wanda ke son rakiya ya same ni a sashe.